Tsatsa da Sauya Ruɓaɓɓen Ƙarfe a Jikin Tsohuwar Mota: Darasi Daga Peugeot 504

Gabatarwa

A wani gareji da ke bayan tashar mota na taɓa ganin wata Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, an kawo ta domin a sake mata fenti. Mai ita ya gaje ta ne daga mahaifinsa, kuma burinsa shi ne ya maido ta yadda take a ranar da aka sayo ta. A ido motar ba ta da wani aibu, in ban da 'yan ƙuraje da suka taso a fentin da ke ƙarƙashin ƙofofi. Da mai gyaran bodi ya ɗora maganaɗisu a wurin sai ya ƙi kamawa, ya faɗo ƙasa. Ya sa bakin sukudireba ya danna, sai ga shi ya lume. Abin da aka ɗauka ƙarfe ne ashe fila ce mai kaurin yatsa, an shafe ta a kan ragar waya da tsohuwar jarida. Shekara da shekaru ke nan iyalin wannan bawan Allah suna hawa motar suna doguwar tafiya, ba su san abin da ke ɗauke da su ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan abin da tsatsa take, da dalilin da ya sa take cin mota daga ciki zuwa waje, da kuma yadda ake yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a maye gurbinsa da lafiyayye. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, a irin wannan mota bodin shi ne ƙashin da ke riƙe da ita. Saboda haka rufe tsatsa da fila da fenti daidai yake da ɗaure bandeji a kan gyambon da ya ci ƙashi.

Motar da Ƙwarangwal Ɗinta

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar mota a nahiyar Turai. Ta nuna juriyarta a kan hanyoyin Afirka lokacin da ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekara ce kuma masana'antar harhaɗa Peugeot ta fara aiki a Kaduna, inda aka ci gaba da harhaɗa 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. An ƙera sama da miliyan 3 a duniya. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati da direbobin haya na dogon zango tsawon shekaru, kuma mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗanda suka rage a yau ta kai ashirin ko kusa da haka.

Domin a fahimci haɗarin tsatsa a jikinta, yana da kyau a dubi yadda halittu suke riƙe jikinsu. Mutum da akuya da kaza ƙashinsu a ciki yake, nama da fata suna lulluɓe da shi. Idan fata ta yage, dabba tana iya ci gaba da tsayuwa. Amma fara da buzuzu da ƙaguwa ba su da ƙashi a ciki. Ɓawon da ke wajen jikinsu shi ne fatarsu, shi ne kuma ƙwarangwal ɗinsu, a jikinsa tsoka take maƙale. Idan ɓawon ya fashe, ƙwaron ba ya iya ɗaukar kansa.

Motoci ma iri biyu ne ta wannan fuska. Manyan motoci da tsohuwar Land Rover suna da shasi mai kauri, an ɗora bodi a kansa. Ita kuwa 504 ta hawa, kamar yawancin ƙananan motoci, ba ta da shasi daban. An lanƙwasa falankin ƙarfe ne aka mai da shi akwatuna da ginshiƙai, aka haɗa su da ɗigon walda dubbai, suka zama jiki guda. Kamfanin Citroën na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan fasaha a 1934. Kaurin ƙarfen waje bai wuce milimita 1 ba, na wuraren ɗaukar nauyi kuwa ya ɗan ɗara haka. Ƙarfinsa daga siffarsa yake zuwa, kamar yadda karan dawa yake da ƙarfi saboda zagayensa. Dokin ƙofa, wato dogon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, shi ne ke hana motar lanƙwashewa a tsakiya. Idan ya ruɓe, ranar da aka yi karo motar za ta naɗe kan mutanen da ke ciki.

Mece ce Tsatsa?

Da wuya a samu baƙin ƙarfe tsantsa a cikin ƙasa. Ana samunsa ne a matsayin tama, wato ƙarfen da ya riga ya haɗu da iskar oksijin. Jan launin marmara da jar ƙasa daga wannan haɗi yake. Maƙeran da suka zauna a gindin Dala a zamanin da, da manyan masana'antun narka ƙarfe na yau, aiki ɗaya suke yi: su hura wuta mai tsanani da gawayi su raba ƙarfe da oksijin. Daga ranar da aka raba su kuma ƙarfe yake neman hanyar komawa yadda yake. Tsatsa ita ce wannan komawa.

Sai abu uku sun haɗu take samuwa: ƙarfe, da ruwa, da oksijin. Ɗalibi yana iya tabbatar da haka da kwalabe uku da ƙusoshi uku da aka goge. A kwalba ta farko a zuba ruwan famfo ya kai rabin ƙusa, a bar bakin a buɗe. A ta biyu a zuba ruwan da aka tafasa sosai har iskar da ke cikinsa ta fita, ya shanye ƙusar, a zuba man gyaɗa a samansa domin ya hana iska komawa. A ta uku a saka busasshiyar ƙusa tare da 'yar jakar nan mai shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a toshe. Bayan kwanaki kaɗan ƙusar farko ce za ta yi ja, sauran biyun kuwa za su zauna kusan yadda suke. Idan aka ƙara kwalba ta huɗu mai ruwan gishiri, za a ga ta riga kowacce yin tsatsa.

Abin da ke faruwa a fuskar ƙarfen ya yi kama da abin da ke faruwa a cikin batir. A wani wuri ƙwayar zarra ta ƙarfe tana sakin ilektiron biyu, ta narke cikin ruwan. Waɗannan ilektiron suna bi ta cikin ƙarfen zuwa wani wurin, inda oksijin da ruwa suke karɓarsu. Abubuwan da suka samu daga ɓangarorin biyu suna haɗuwa a cikin ruwan, oksijin ya ƙara shiga, sai jan garin nan ya kwanta. Gishiri yana sauƙaƙa tafiyar lantarki a cikin ruwa, shi ya sa yake gaggauta aikin.

Masani Ulick Evans na Jami'ar Kambirij ya nuna wani abu mai muhimmanci a shekarun 1920. Ya ɗiga ruwan gishiri a kan gogaggen ƙarfe, sai ya ga tsakiyar ɗigon, inda oksijin bai isa sosai ba, ita ce ke cinyewa, gefen ɗigon da iska ke bugawa kuwa yana zaune lafiya. Ma'ana, idan ƙarfe guda yana jiƙe, ɓangaren da ke ɓoye daga iska shi ne ke narkewa. Wannan shi ya sa tsatsa take fi ƙarfi a tsakanin ƙarfe biyu da aka haɗa, da ƙarƙashin taɓo, da bayan robar gilashi, wato wuraren da ido ba ya kaiwa.

Akwai wani abin kuma. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma abin da ya samu siririn rufi ne mai manne wa jikinsa, yana tsayar da ɓarnar. Tsatsar ƙarfe kuwa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta tsage, ta ɓare, ta kuma riƙe ruwa kamar soso. Kumburin nan shi ne ke ɗaga fenti ya yi ƙuraje, shi ne kuma ke buɗe haɗin ƙarfe. Saboda haka tsatsar da aka bari ita ce ke ciyar da wadda za ta biyo baya.

A nan akwai darasi daga jikin ɗan Adam. Baligi yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin himogulobin, sinadarin da ke ba jini jan launi. Kowace ƙwayarsa tana da zarra huɗu na ƙarfe, kuma aikinsu shi ne ɗaukar oksijin a cikin ruwan jiki mai gishiri da ɗumi, wato duk sharuɗɗan tsatsa sun cika. Furotin ɗin da ke lulluɓe da ƙarfen yana ba shi damar riƙe oksijin ya kuma sake shi. Duk da haka kowace rana wani ɗan kaso yana lalacewa, sai wani inzayim da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ya maido shi, ta yadda lalataccen ba ya wuce kashi 1 cikin 100 a jikin mai lafiya. Jiki mai rai yana gyara kansa dare da rana. Mota ba ta da wannan baiwa, duk abin da ta rasa sai hannun mutum ya maido mata.

Inda Take Kama Mota

Ƙarfe ba ya yin tsatsa sosai sai laimar iska ta haura kimanin kashi 60 cikin 100. A lokacin hunturu laimar iska a Kano da Sakkwato da Damagaram takan sauko ƙasa da kashi 20, a Legas da Fatakwal kuwa tana sama da sharaɗin kusan duk shekara, ga kuma gishirin teku a cikin iska. Wannan ya sa motar da ta yi rayuwarta a Arewa takan fi 'yar'uwarta ta bakin teku lafiyar jiki. Motocin da aka yi amfani da su a Turai kafin a shigo da su ta Kwatano suna da tasu matsalar, domin a can ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi saboda a narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishiri yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota.

Sai dai busasshiyar iska ba ta isa kariya ba. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin ƙofofi da dokin ƙofa, ta toshe 'yan ramukan da masana'anta ta bari domin ruwa ya fita. Idan damina ta zo ƙurar ta zama taɓo, ta riƙe danshi makonni bayan an ɗauke ruwa. Robar gilashi da rana ta busar tana tsagewa, ruwa ya zuba ƙarƙashin kafet ya kwanta a daɓen mota. Ruwan batir yana cin mazauninsa. A motar a-kori-kura kuwa, takin zamani da fitsarin dabbobi da buhunan gishiri suna cin bayanta fiye da ruwan sama.

A jikin 504 da ire-irenta wuraren da ya kamata a fara dubawa su ne dokin ƙofa, da daɓen da ke ƙarƙashin ƙafafun direba da fasinja, da gindin ƙofofi, da bakin madigadi, da gindin gilashin gaba, da mazaunin shokozoba a ƙarƙashin bonet. Motocin wancan zamani ba su samu kariyar da na baya suka samu ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Porsche ya fara ƙera bodi da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya gaba ɗaya, Audi kuma ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980.

Auna Girman Ɓarna

Kafin a ɗauki wuta sai an san iyakar ciwon. A wanke ƙarƙashin motar, a cire kafet da kujeru da rufin ƙofofi, a haska tocila. A bi jikin da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a mace yake.

Tsatsa mataki uku ce. Ta farko ita ce ta sama, inda fenti ya kankare ƙarfe ya yi ja amma kaurinsa yana nan. Wannan gogewa take buƙata har ƙarfe ya yi fari, sannan a rufe. Ta biyu ita ce mai ɓawo da ramuka, inda ƙarfen ya fara sirancewa. Idan a rufin mota ne ko tsakiyar ƙofa, ana iya ceto shi, idan kuwa a wurin ɗaukar nauyi ne, a yanke. Ta uku ita ce wadda ta huda. Ƙuraje a fenti galibi alamar wannan ce, domin tsatsar ta faro ne daga baya ta ɓullo gaba. Abin da ke ciki kuma kullum ya fi abin da ke waje yawa. Ba ta da magani sai yanka.

Duk ruɓewar da ke kusa da mazaunin shokozoba, ko maɗaurin kujera, ko inda bel ɗin kujera yake ɗaure, ko wurin kafa jak, ba a yi mata sassauci. Bel ɗin da aka ɗaure a ruɓaɓɓen ƙarfe zai fizgo maɗaurinsa ne a lokacin da ake buƙatarsa.

Yadda Ake Sauya Ƙarfen

Mataki na farko shi ne shiri. A cire kan batir, a sauke tankin mai idan aikin yana kusa da shi, a kawar da wayoyi da bututun mai da na burki, da duk abin da zai iya kamawa da wuta. A ɗora motar a kan matokarai a daɓe mai daidaito. Idan dokin ƙofa ko daɓe za a yanke, sai an fara tokare bakin ƙofofin da sandunan ƙarfe daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a kuma auna a rubuta. Wanda ya yanke ba tare da tokari ba, jikin motar zai sauka, kuma ƙofofin ba za su sake rufuwa daidai ba. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a taɓa ba shi ne ma'auni.

Na biyu shi ne samo ƙarfen da za a saka. Hanyoyi uku ne: sabon ɓangare da aka ƙera domin motar, ko ɓangaren da aka yanko daga wata irinta da ta mutu, kamar yadda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ko kuma a ƙera daga sabon falankin ƙarfe. Na kwance sai an duba bayansa da kyau, kada a sayi ciwon wani. Idan ƙerawa za a yi, a zana siffar a kan kwali, a yanka, a gwada, sannan a mayar kan ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Kwanon rufi da gwangwani ba su da wannan kauri. A kuma maimaita kowane lanƙwasa da kowane tudu da ke jikin na asali, domin a nan ƙarfin yake. Ba a yanke tsohon sai sabon yana hannu.

Na uku shi ne yanka. Likitan tiyata idan zai cire ruɓaɓɓen nama yakan yanka har ya isa inda jini ke gudana, domin ɗinki ba ya kama mataccen nama. Haka walda ba ta kama tsatsa. A wuce iyakar jan da ake gani da santimita 2 ko 3, har a isa farin ƙarfe mai cikakken kauri. Inda masana'anta ta haɗa da ɗigon walda, a huda ɗigon ɗaya bayan ɗaya da bakin dirila, a raba ƙarfen biyu, kada a yage na ƙasa. Wanda ke son motar ta riƙe darajarta ta tarihi ya bar lafiyayyen ƙarfen asali gwargwadon iko, kuma kada ya taɓa wurin da aka buga lambar shasi.

Na huɗu shi ne haɗawa. A fuskar waje an fi son a haɗa baki da baki, da 'yar tazara siririya a tsakani. Ɗora sabon faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma yana barin lungu tsakanin biyun, irin lungun da gwajin Evans ya nuna cewa a nan ɓarna take farawa. A gefunan da masana'anta ta ɗora ƙarfe a kan ƙarfe kuwa, ana huda ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8 a na sama, a matse su, a cika kowane rami da walda, a bi tazarar ɗigon asali. Kafin a yi walda a rataya ƙofa da madigadi a duba ko tazarar da ke tsakaninsu ta daidaita.

Na biyar shi ne waldar kanta, kuma babban abokin gaba a nan zafi ne. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, siririn ƙarfe kuwa yana murɗewa. Waldar sanda da ake yin ƙyaure da taga da ita tana huda shi. Waldar kabaid tana aiki a hannun gwani, amma harshenta ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma tana baza zafi nesa. Wadda ta fi dacewa ita ce mai siririyar waya da iskar gas ke lulluɓe bakinta, wadda ake kira MIG. Ko wacce aka yi amfani da ita, ƙa'idar ɗaya ce: a ɗiga nan, a tsallaka nesa a ɗiga can, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani har layin ya haɗe. Liƙi da tagulla ba ya narkar da ƙarfen biyu su zama ɗaya, don haka bai dace da wurin ɗaukar nauyi ba. Bayan an gama a gurje tudun a hankali ba tare da an sirantar da ƙarfen da ke gefe ba, sannan a haska fitila daga baya. Duk inda haske ya ɓullo rami ne, a cike shi.

Kariya Bayan Aiki

Wutar walda tana ƙone fentin da ke bayan ƙarfen, wato gefen da ba a gani. Idan aka bar shi haka, sabon aikin zai fi tsohon saurin ruɓewa. Saboda haka kafin a rufe kowane akwati a goge cikinsa a shafa fenti, gefunan da za su haɗu kuma a shafa musu fenti mai tutiya.

Amfanin tutiya shi ne, idan ta haɗu da ƙarfe a cikin danshi, ita ce ke sakin ilektiron ta cinye, ƙarfen ya tsira. Humphry Davy ya gwada wannan dabara a 1824 domin kare jan ƙarfen da ke jikin jiragen ruwan Ingila. Dokar tana aiki ta ɗaya gefen ma: idan tagulla ta haɗu da ƙarfe, ƙarfen ne ke cinyewa, idan kuma alminiyam ne, kamar a jikin tsohuwar Land Rover, alminiyam ɗin ne ke zama farin gari a inda ya taɓa shasi.

Ragowar tsatsar da ta maƙale a ƙananan ramuka ana kashe ta da ruwan magani mai asid ɗin fosfarik ko mai tanin. Tanin shi ne sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema suke jima da shi, kuma baƙin da yake yi idan ya haɗu da ƙarfe shi ne baƙin da dukawa suka daɗe suna rina fata da shi. Amma wannan magani siririyar tsatsa kawai yake iya juyawa, ba ya maido ƙarfen da ya tafi.

Daga nan sai fentin share fage, wanda aka fi so ya zama na ifoksi domin ba ya barin ruwa ya ratsa. A liƙe kowane haɗi da man toshe haɗi. Fila tana da halaltaccen aiki, wato daidaita 'yan kwaruruka, amma kada kaurinta ya wuce kimanin milimita 3, kuma kada a cike rami da ita, domin tana shan danshi daga baya. Bayan fenti ya bushe a fesa narkakken kakin zuma na mota a cikin dokin ƙofa da gindin ƙofofi, a kuma tabbata ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Daga nan duk farkon damina a sa waya a tsokane su.

Lafiyar Mai Aiki da ta Fasinja

Tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai kusan 1,500. Saboda haka idan aka yi walda a kan ƙarfe mai tutiya, farin hayaƙi yana tashi, wanda ya shaƙe shi kuma bayan 'yan sa'o'i zai ji zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, har ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Shan madara, wanda masu walda da yawa suka yarda da shi, ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne aiki a fili mai iska da sanya takunkumin da ya dace. Hasken walda yana ƙona fatar ido, zafin kuma sai cikin dare yake tasowa, don haka baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbin garkuwar walda. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, ƙurarsa kuma tana cutar da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara 'yan koyo. Fentin zamani mai haɗi biyu yana jawo asma ga wanda ke fesa shi ba kariya. Tankin mai da aka zubar da mansa ya fi cikakke haɗarin fashewa, domin turirin da ya rage a ciki shi ne ke kamawa.

Jama'a suna cewa tsatsa ce ke kawo cutar sarƙe-haƙora. Gaskiyar ita ce ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium tetani, wadda ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana bunƙasa a cikin rauni mai zurfi da iska ba ta shiga. Tsohon ƙarfe mai kaifi da datti hanya ce kawai ta shigar da ita. Duk mai wannan sana'a ya kamata ya yi allurar rigakafi, ya kuma sabunta ta duk shekara 10.

Ga fasinja kuwa, huda a daɓe ko a but ƙofa ce ga hayaƙin salansa. A cikinsa akwai iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kama himogulobin fiye da yadda oksijin ke kama shi sama da sau 200. Ciwon kai da gyangyaɗi su ne alamunta na farko, kuma direban da ke gyangyaɗi a kan babbar hanya ya san abin da ke gabansa.

Kammalawa

Mai Fijon da aka ambata a farko ya fasa fentin a wannan shekara. Kuɗin da ya tanada ya tafi ne a kan dokin ƙofa biyu da rabin daɓe, aikin da babu wanda zai gani idan motar ta wuce. Shawarar da ta dace ke nan. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya nemi a nuna masa ƙarfen da aka yanke, ya ga waldar da idonsa kafin a rufe ta, ya ɗauki hoto ya ajiye domin wanda zai gaji motar ko ya saye ta. Wanda zai sayi tsohuwar mota kuma ya je da maganaɗisu da tocila, ya durƙusa ya duba ƙarƙashinta kafin ya tambayi farashi.